Wa ya gwada maganin nan kafin ya iso ƙofar gidanmu?

A daminar da ta wuce, cikin watan Yuli ruwa ya zauna sosai, ina zaune a zauren gidan gwaggona nan cikin garin Katsina sai ga matan nan biyu masu raba maganin zazzaɓin damina sun yi sallama, ɗaya riƙe da jakar magani ɗaya da alli na rubutu a bango. Jikoki uku ne 'yan ƙasa da shekara biyar a gidan. Ta fito ta amsa masu sallama cikin mutunci, har ruwa ta sa aka kawo masu, amma da aka zo maganar ba yara magani sai ta ce a'a. Na ce Gwaggo mi ya faru? Ta ce, "kai ɗan nan rufa mani asiri, ba za a yi gwaji da jikokina ba, ko ka manta abin da aka yi ma yaran Kano?"

Ban manta ba. Kuma ina ganin duk mai son ya yi ma mutanenmu bayanin binciken lafiya to daga nan ya kamata ya faro, don ruwa baya tsami banza.

A shekarar 1996 an yi annobar sanƙarau mai muni a Arewa, mutum sama da dubu goma suka rasu. Ana tsakiyar wannan tashin hankalin ne kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawaga Asibitin Zana da ke Kano don gwada wani sabon magani mai suna Trovan. Yara kusan 200 aka ɗauka, rabi aka ba su Trovan rabi kuma aka ba su ceftriaxone wanda dama an san yana aiki. Yara 11 suka rasu, biyar a ɓangaren sabon maganin, shida a ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar, kuma gaskiya ne sanƙarau da kanshi yana kisa yana kurmantarwa. Amma ba nan zafin maganar yake ba. Iyaye sun ce ba wanda ya faɗa masu gwaji ake, ba wanda ya ce masu a cikin asibitin nan ɗaya akwai likitocin ƙungiyar agaji ta MSF da ke ba da maganin da aka saba kyauta, sannan daga baya ya fito cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka nuna bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka maida kwanan wata baya. Aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Shi kanshi Trovan ɗin a 1999 aka taƙaita amfani da shi a Amurka saboda yana lalata hanta.

Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu zai yi. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003 har zuwa Yulin 2004, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, cutar kuma ta samu hanya ta bazu zuwa ƙasashe kusan ashirin, yaran da ba su ji ba ba su gani ba suka nakasa. Sai a watan Agustan 2020 aka ba Afirka shaidar rabuwa da ainihin ƙwayar cutar. Kun ga abin da cin amana guda ɗaya ya jawo.

To amma ga abin da na zauna na yi ta ƙoƙarin fahimtar da Gwaggo ranar, kuma shi ne dalilin wannan rubutun. Maganin da matan nan suka kawo ya riga ya wuce matakin gwaji tun tuni. Wanda ba a taɓa gwadawa ba shi ne na cikin jarkar nan da mai mota da lasifika ke tallatawa ranar kasuwa, mai maganin taifot da olsa da basir da sanyi da ciwon ƙoda duk a kwalba ɗaya. Duk wanda ya sha wannan to a jikinshi ake gwajin, kuma ba mai rubuta abin da ya same shi, in ƙodarshi ta tsaya bayan wata shida ba wanda zai haɗa wannan da wancan.

Mutane za su ce ai ni na sha kuma na warke, gani ya kori ji. Wannan maganar tana da ƙarfi sosai a zuciya, kuma ba ƙarya mutum yake ba, da gaske ya sha da gaske ya warke. Matsalar ita ce cututtuka da yawa da kansu suke tafiya. Mura kwana bakwai zuwa goma ta wuce ko ka sha magani ko ba ka sha ba. Zazzaɓin yara da yawa ba maleriya ba ne, ƙwayar bairos ce da jiki ke gamawa da ita da kanshi. Sikila da olsa da asma kuwa tashi suke su kwanta, kuma mutum ya fi neman magani ranar da ciwon ya kai maƙura, wanda dama daga nan sauƙi ne ke biyowa, sai abin da aka sha ranar ya kwashe yabon. Ga kuma aikin zuciya, in ka yarda da mai magani ka yarda da maganin, raɗaɗi na iya raguwa da gaske ko da garin alli ne aka dunƙula maka. Sannan waɗanda suka sha ba su warke ba, ba su ne ake kawowa gidan rediyo su ba da shaida ba.

Manomi ya fi kowa saurin gane yadda masu bincike ke warware wannan. Ka ce an kawo maka sabon taki an ce ya fi wanda ka saba. In ka zuba ma gonarka gaba ɗaya gero ya yi kyau, ba ka san ko takin ne ko damina ce ta yi albarka bana ba. Dole ka raba gonar biyu, rabi sabon taki rabi tsoho, iri ɗaya, rana ɗaya aka shuka, noma ɗaya. Kuma in ka zuba sabon a gefen fadama tsohon a kan jigawa ka cuci kanka, don fadamar dama ta fi. Shi ya sa a gwajin magani ba likita ne ke zaɓen wa zai shiga wane rukuni ba, ƙuri'a ake yi, yanzu kwamfuta ce ke yin ta, saboda likita mutum ne, ko bai yi niyya ba hannunshi na iya kai yaran da suka fi ƙwari ɓangaren maganin da yake fatan ya yi nasara. Bayan ƙuri'ar kuma sai a rufe ma kowa ido, mara lafiya bai san wanne aka ba shi ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba, lamba ce kawai a jikin kwalbar, sai an gama a buɗe. An daɗe da fara wannan tsarin, gwajin maganin tarin fuka na streptomycin da aka wallafa a Ingila a 1948 shi ake yawan kawowa a matsayin mafari.

Kafin a kai ga wannan babban gwajin akwai matakai. Ana farawa a ɗakin gwaje-gwaje, sai dabbobi, sai mutane 'yan kaɗan kamar ashirin zuwa tamanin manya masu lafiya da suka yarda, nan ana duba illa ne da adadin da jiki zai ɗauka. Sai ɗaruruwa. Sai dubbai. Cikin magunguna goma da suka fara shiga jikin mutum kusan ɗaya ne kawai ke kaiwa ga samun lasisi, sauran a hanya suke faɗuwa, kuma ko bayan an fara sayarwa ana ci gaba da sa ido don illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu hamsin ba za ta fito a gwajin mutum dubu biyar ba.

Bari in ɗauko misali da abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kusan kashi 30 cikin ɗari na mace-macen ma a nan ne, mafi yawa yara ƙanana. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin yara na asibiti a watan Agusta ko Satumba ya san mi nake nufi, gado ɗaya yara biyu wani lokacin uku, wannan na jijjiga wancan idonshi ya yi fari fat ana neman wanda zai ba da jini, uwa na zaune a ƙasa da kwanon abincin da ba ta iya ci ba. Allurar rigakafin maleriya ta farko, RTS,S, tun 1987 aka fara aikinta. Babban gwajinta daga 2009 zuwa 2014 aka yi shi da yara sama da 15,000 a ƙasashen Afirka bakwai, daga 2019 aka fara ba da ita a wasu yankunan Gana da Kenya da Malawi ana bibiya, sai a watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce to a yi amfani da ita. Shekara talatin da huɗu kenan. Ta biyun, R21, wadda jami'ar Oxford ta ƙirƙiro kamfanin Serum na Indiya ke sarrafawa, an fara gwada ta da yara 450 a Nanoro ta Burkina Faso, sannan yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. Wani abu da ya burge ni a wannan gwajin, yaran da ƙuri'a ba ta ba su R21 ba, ba ruwan banza aka tsira masu ba, rigakafin cizon mahaukacin kare aka yi masu, don su ma su tashi da wani amfani. NAFDAC ta amince da ita a 2023, aka fara yi ma yara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024.

A wuraren da maleriya ke bin damina irin namu, sakamakon ya nuna kariya ta kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko. Nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Wani zai ce an yi ma ɗana allura kuma ga shi ya yi zazzaɓi, ashe ƙarya ce. Abin da lambar ke nufi shi ne, a misali, in cikin yara ɗari da ba a yi ma ba arba'in za su kwanta, to cikin ɗari da aka yi ma kamar goma ne za su kwanta. Goman nan suna nan, ɗanka na iya zama cikinsu, amma talatin sun tsira, kuma su talatin ɗin ba wanda zai gan su don ba su zo asibiti ba. Rigakafi kenan, aikinshi baya ganuwa da ido sai a lissafi. Shi ya sa ba a ce a jefar da gidan sauro ba.

Shi kuwa maganin da aka kawo gidan Gwaggo, haɗin magani biyu ne tsofaffi da aka daɗe da sani, SP wanda mutane suka fi sani da Fansidar, da kuma amodiaquine. An gwada ba yara su wata-wata lokacin damina a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya da Gana, aka ga yana rage zazzaɓin da kusan kashi 75, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2012 ga yara daga wata uku zuwa wata 59. Kuma abin da da yawanmu ba mu sani ba, jihar Katsina na cikin inda aka fara shi a Najeriya, a 2013 tare da ƙungiyar Malaria Consortium. Yau sama da shekara goma ana ba miliyoyin yara a faɗin yankin Sahel. Yana da 'yar illa, amodiaquine na da ɗaci, wani yaron ya yi amai ko ya yi laushi kwana ɗaya, kuma ya kamata masu rabawa su riƙa faɗin wannan tun farko maimakon su ce ba komai, don in uwa ta ga abin da ba a gaya mata ba shikenan an rasa ta. Wani gwajin da aka yi a Mali da Burkina Faso da yara kusan 6,000, aka wallafa a 2021, ya nuna in aka haɗa allurar RTS,S da wannan maganin na damina kwanciya asibiti da mutuwa saboda maleriya na raguwa da kusan kashi 70 fiye da a yi amfani da ɗaya kaɗai. Yanayin daminarsu irin namu ne sak.

Kar wani ya ɗauka ina rena maganin gargajiya ne, wallahi a'a. Maganin maleriya mafi ƙarfi da muke da shi yau daga ganye ya fito, wani tsiro ɗan'uwan tazargaden da iyayenmu ke jiƙawa. Wata mai bincike 'yar Sin, Tu Youyou, ita da tawagarta suka bi dubban haɗe-haɗen gargajiya, suka gano a wani tsohon littafi cewa jiƙa ganyen ake a matse ba dafawa ba, ashe zafin wuta ne ke kashe sinadarin, suka fitar da artemisinin a farkon shekarun 1970, ta samu kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta ɗauki haɗin wani mai maganin gargajiya na sikila, wanda a cikinshi akwai masoro da kanumfari da karan dafi, ta gwada shi bisa ƙa'ida aka samar da Niprisan. Bambancin kawai shi ne an auna. Kofin tazargaden da aka jiƙa a gida ba wanda ya san nawa ne sinadarin a ciki, na yau daban na gobe daban, kuma in ya yi kaɗan ƙwayar cutar ba ta mutuwa sai dai ta koyi jure mashi. Haka muka rasa kulorokwin, wajen 2005 dole aka sauya shi, yanzu kuma an fara ganin alamun ƙwayar na jure ma artemisinin a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya. In wannan ya faɗi ba mu da wani tsayayye a hannu da zai maye gurbinshi nan take.

To ta yaya za a hana na Kano maimaituwa? Bayan abin da ya faru an kafa kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, aka fitar da kundin ƙa'idoji a 2007, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ƙara mashi ƙarfi. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina da ma'aikatar lafiya ta jiha suna da kwamitocin da dole bincike ya bi ta hannunsu, gwajin magani kuma sai da izinin NAFDAC. Amma doka a takarda take, mai tsaron gaske shi ne mutumin da aka miƙo ma fom. Haƙƙinka ne a yi maka bayani da Hausa, a ce maka ƙarara wannan bincike ne, a faɗa maka illar da aka sani, da maganin da za ka samu in ka ƙi shiga, da wanda zai ɗauki nauyi in wani abu ya faru, da lambar wanda za ka kira. In ka ce a'a ba mai ikon hana ka kulawar asibiti, in ka shiga kuma ka ga ba ka so kana iya fita ko a tsakiya ne. Wanda baya karatun boko sai an kawo shaida wanda ba ma'aikacin binciken ba ya zauna a karanta a gabanshi kafin a dangwala yatsa. Mace ta shawarci maigidanta wannan daidai ne kuma tarbiyyarmu ce, amma yardarshi ba ta wadatar in ita ba ta yarda ba, jikinta ne. Izinin mai unguwa ko hakimi ma ƙofa yake buɗewa, baya zama yardar kowane gida. Abin da ya fi damuna shi ne kunyarmu, mutum na ganin farar riga sai ya ce duk yadda kuka gani likita, ya dangwala bai tambayi komai ba.

Akwai kuma wani ciwon da ban ji ana yawan magana a kanshi ba. Mu ne muka fi kowa ɗaukar nauyin maleriya amma babban gwajin R21 ba a yi shi a Najeriya ba. Mali da Burkina Faso da Gambiya, waɗanda ba su kai mu kuɗi ba, sun gina cibiyoyin bincike da suka shekara da shekaru suna bin ƙauyuka gida-gida suna rubuta haihuwa da ciwo da mutuwa, mutanen wurin sun san su sun yarda da su. Mu kuwa da yawan binciken jami'o'inmu na neman ƙarin girma ne, ɗalibi ya raba takardun tambaya ɗari ya haɗa furojet a ɗaure da baƙin bango a jera a kanta ƙura ta rufe. Ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba. Gwajin da aka yi a Asibitin Malam Aminu Kano kan amfani da maganin hydroxyurea don kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, likitocinmu ne suka riƙe shi tare da jami'ar Vanderbilt ta Amurka, kuma duniya ta karɓi sakamakon. A asibitin Babbar Ruga nan bayan garin Katsina, aikin da Dakta Kees Waaldijk ya fara a shekarun 1980 kan yoyon fitsari ya zama abin da likitocin ƙasashe da yawa ke zuwa koyo, saboda yana rubuta bayanin kowace mata da ya yi ma aiki. Mai ɗaki shi ya san inda ke mashi yoyo, kuma akwai tambayoyin da ba wanda zai zo daga Oxford ya amsa mana su.

Ga ɗaya daga ciki. Ranar nan bayan doguwar magana Gwaggo ta yarda, ta ce "to ɗan nan, amanarsu na wuyanka." Aka jiƙa ƙwayoyin a cokali aka ba yaran a gaban matan, aka bar ma uwarsu na kwana na biyu da na uku, don tsarin kenan, na farko a gaban ma'aikaci sauran biyun a gida, kuma sai an cika ukun kariyar ke kai kwana 28 ɗin da ake so. Bayan sati na koma gaishe ta, ina ɗaga labulen ɗakin sai ga katin maganin a kan kwabet cikin kwanon tasa, na yara biyu an ɓare duka, na ƙaramar kuwa ƙwaya biyu na nan ba a taɓa ba. Uwar ta ce ranar farko yarinyar ta yi amai sai ta ji tsoro ta bari, ba ta kuma faɗa ma kowa ba. A rajistar masu rabawa yarinyar nan an rubuta ta sha. Gidaje nawa ne haka daga Ƙofar Marusa zuwa Jibiya, kuma mi ke sa uwa ta tsaya, ɗacin ne ko aman ko maganar makwabta ko don ba wanda ya dawo ya tambaye ta? Na nemi lambar mai kula da masu rabon na unguwar na kira ta, ta ce wata mai zuwa in sun zo zagaye na biyu za ta shigo da kanta ta zauna da uwar.